Ɗigon Jan Farce a Kan Noti

Wata bakwai ke nan Lea tana zuba wa mijinta shayi rabin kofi. Ba ta taɓa faɗa masa dalili ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. In ta cika kofin, hannunsa na dama zai ɗauka, shayin ya kama rawa har ya zuba a kan teburi, su biyun su rasa inda za su sa idanunsu. Rabin kofi kuwa yana isa baki lafiya. Shekara ashirin da biyu tana aikin jinya a wani gidan tsofaffi da ke unguwar Stapleton a tsibirin Staten Island, ta san irin wannan rawar hannu sarai, ta sha ganin farkonta ta sha ganin ƙarshenta. Amma da ta shigo gidanta sai ta koma kamar wadda ba ta taɓa shiga aji ba.

Aikinsa ne ke hana ta sukuni. Matiyu direban bas ne. Kullum da safe yana kwasar mutane daga Port Richmond zuwa tashar jirgin ruwa, 'yan makaranta da ma'aikata da tsofaffi masu sanda, ya juyo ya sake kwaso wasu. In ya je wurin likita aka rubuta abin da take zargi, mai yiwuwa a raba shi da sitiyari. In kuma bai je ba, to hannun nan da ba ya iya riƙe cikakken kofi shi ke riƙe da ran mutum arba'in kowace safiya. Ga shi Matiyu irin mazan nan ne da ba a gaya musu magana. Sai dai su gano abu da kansu, sannan su zo su ba ka labarinsa kamar kai ne baƙo.

Shi a wurinsa matsala ɗaya ce tak a duniya, wato bindigarsa ta lalace.

Bindigar iska ce, ba ta san albarushi ba. Iska ake durawa a cikin wata 'yar tukunya da ke ƙarƙashin bututunta, iskar ce ke tura ƙwayar dalma wadda ba ta wuce girman ƙwayar dawa ba. Dokar birnin ba ta wasa da bindiga ko da ta iska ce, saboda haka a kabad ɗin wani kulob na masu harbi take kwana, can kudancin tsibirin, bakin fadama. Kowace Asabar Matiyu yana can yana huda takarda. Tun yana yaro a Wusasa yake kakkaɓo mangwaro da danƙo daga reshen da kowa ya haƙura da shi, kuma shekara uku da suka wuce ya ciyo kofi a kulob ɗin. Kofin yana nan a falo, ya ture hoton aurensu gefe.

Daga watan Maris harbinsa ya fara watsewa. Da farko ya ce dalmar ce. Ya wanke ƙwayoyin da sabulun wanke-wanke, ya shanya su a kan tawul ɗin baƙi, ya riƙa auna su ɗaya-ɗaya a kan wani ɗan sikeli har abinci ya huce. Daga nan ya ce madubin hange ne, ya sayo sabo. Ya zargi iska, ya zargi sanyi, ya zargi wani bature da ke tari a teburin kusa da shi. A ƙarshe ya buɗe cikin bindigar ya shiga murɗe-murɗe.

Yana da ƙa'ida guda wadda duk sabon shiga kulob sai ya sha wa'azinta: "Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci guda. Ka taɓa, ka gwada, ka rubuta." Har kicin ɗin Lea ƙa'idar ta shiga. Ranar da miyar kuka ta ƙi daɗi, sai ga shi a bakin ƙofa yana tambaya ko daddawa ta canja ko gishiri, wai in duka biyun ta canja ba za a taɓa gane mai laifi ba. Ta nuna masa hanyar falo da ludayi.

Wata Asabar cikin Oktoban 2018 ya dawo gida fuskarsa fal murna.

"Maman Bege, an kusa kama ɓarawo," ya ce tun bai cire takalmi ba. "Abokina Kwaku na kulob ya sayi radar. Na'ura ce da ke auna gudun kowace ƙwaya da ta fita. Mako mai zuwa za mu ɗora bindigar nan a kai, ta faɗi gaskiya ko tana so ko ba ta so."

"Zan bi ka," in ji ta.

Ya dube ta da mamaki, don rabonta da kulob tun ranar kofi. Ta roƙi abokiyar aikinta Rafi'atu suka yi musayar ranar aiki, kuma duk makon nan, a coci da a hanya da a bakin tukunya, addu'arta ɗaya ce, ita kanta tana jin kunyarta: Ubangiji, ka sa laifin bindigar ne.

Ranar ta zo da hazon teku. Tun daga ƙofar gida gari ya yi fari fat, gadar Bayonne ta ɓace sai ƙafafunta, motoci suna tafiya a hankali da fitilu a kunne kamar masu rakiyar amarya. Lea ta jingina kai da gilashi, filas ɗin shayi a cinyarta. Daga can cikin ruwa wani jirgi ya busa ƙaho, ƙarar ta zo ta wuce ta koma tana yin ƙasa-ƙasa. Ta ji kamar ba a Staten Island suke ba, kamar suna cikin tsohuwar motar mishan a hanyar Kafanchan da sassafe bayan ruwan dare, ita da Matiyu, saurayin nan mai dogon wuya da ya yi mata alkawarin ba zai taɓa ɓoye mata komai ba. Ta saci kallon hannunsa a kan sitiyari. Yana riƙe da kyau. A jan fitila ya sauke shi kan gwiwa, sai babban yatsa ya fara ɗan motsinsa, kamar mai murza gero.

Kwaku ya riga su isa. Dattijo ne ɗan Kumasi, tsohon makanikin jirgin ruwa da ya yi ritaya, ya tashi a Zongo, Hausarsa irin ta can ce wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba.

"Ei, Maame da kansa ya zo!" ya ce yana cire hula. "Yau filin nan ya yi albarka paa, albarka sosai. Sannu da zuwa, Maame."

Filin dogo ne, ciyawa a kwance, a ƙarshensa tudun yashi, bayan tudun kuma dogayen ciyayin fadama da suka nutse cikin hazo. An kafa sanda a tsakiya an ɗaura mata ɗan jan ƙyalle don a ga inda iska ke kaɗawa. Ƙyallen yana rataye shiru. Babu kowa sai su uku.

Na'urar tana tsaye a kan ƙafa uku kusa da teburin harbi, akwati ne ruwan lemo mai faɗin faranti, da ɗan gilashi a baya inda lambobi ke fitowa. Lea ta yi zaton za ta ga wani abin tsoro mai wayoyi. Kwaku ya shafa kanta kamar mai shafa akuyarsa.

"Abin nan yana aika kira ne, Maame, wanda kunne ba ya ji. Kiran ya bi dalma a baya, ya taɓa shi, ya dawo. To, kin san yadda horn na bas yake canja murya in ya wuce ki? Haka kiran yake dawowa da wani murya dabam. Daga nan na'ura ya san gudun. Amma sai abin da yake tafiya yana barin ka yake aunawa."

Ya maƙala wata 'yar makirufo kusa da bakin bututun, ya ce bindigar iska ba ta da ƙara, in ba a sa wa na'urar kunne ba barcinta za ta yi ta sha. Suka ɗaure bindigar a cikin maƙalar ƙarfe a kan teburi don kada ta motsa, bakinta yana kallon tudun yashi. Ba a kafa takarda ba. Matiyu ya ce yanzu gudu ake aunawa, saiti sai an jima.

"Maman Bege, ke za ki rubuta," ya ce, ya miƙo mata littafinsa mai baƙin bango. "Rubutunki ya fi nawa kyau."

Shekara talatin da aure, yau ne ya fara yarda da haka. Ta buɗe littafin tana neman shafin da babu komai. Shafukan farko rubutun Matiyu ne da ta sani, manyan baƙaƙe masu tsayuwa kamar 'yan sanda. Tana juyawa suna ƙanƙancewa. Zuwa shafukan bazara sun koma kamar sawun tururuwa, suna matsewa wuri guda kafin layi ya ƙare. Ta yi maza ta wuce su.

Tas! Ƙarar ba ta fi ta buɗe kwalbar lemo ba. Lamba ta fito a gilashin.

"Ɗari bakwai da tamanin da biyar," in ji Kwaku. "Ƙafa ke nan a sakan guda."

Na biyu ɗari takwas da sha ɗaya. Na uku ɗari bakwai da sittin da tara. Kafin a kai na goma Kwaku yana ta girgiza kai, Matiyu kuwa ya miƙe tsaye yana nuna gilashin da yatsa.

"Ka gani? Ka gani ko! Tazarar arba'in da biyu tsakanin mai sauri da mai nawa. Bindigar kirki ba ta wuce biyar. Wata nawa ina faɗa ana yi mini kallon mai neman uzuri?"

Daɗi ya kama Lea har ƙirjinta ya yi zafi. Saura kaɗan ta rangaɗa guɗa a filin turawa. Ashe bindigar ce! Ashe ita ce da tsegumin ma'aikatan jinya, masu ganin cuta a jikin kowa. Mutum ya gaji, ya sha kofi da yawa, hannunsa ya ɗan yi rawa, shi ke nan sai ta haƙa masa kabari. Ta ji tana son rungumar akwatin nan ruwan lemo.

Aka shiga gyara. A ƙeyar bindigar akwai wani noti da ke matse sifirin, sifirin ɗin shi ke bugun ƙofar iska ta buɗe. In an matse da yawa iska ta fita da hauka, in an sassauta da yawa ta fita da kasala. Matiyu ya sa ɗan lanƙwasasshen makulli ya murɗa kwata guda, kwata ɗaya tak, aka harba goma, Lea ta rubuta. Aka ƙara wa tukunya iska, ya sake murɗa kwata, aka harba goma, ta rubuta.

Haka safiyar ta yi ta tafiya, har Lea ta daina sanin ƙarfe nawa. Tas, sai lamba. Tas, sai lamba. Muryar Kwaku tana kiran lambobin a hankali kamar mai karanta sunayen waɗanda za a yi wa baftisma. Hazon ya ƙi tashi, rana ta tsaya a bayansa fara sol, ana iya kallonta ido da ido. Wani farin zalɓe ya sauka a bakin fadama ya tsaya da ƙafa ɗaya, bai kula su ba. Lea ta riƙa ganin kiran nan da ba a ji a cikin ranta, yana fita daga akwatin, yana bin 'yar dalma cikin farin hazo, yana dafa kafaɗarta, yana dawowa da labari. Ta yi tunanin abubuwan da suka tafi suka bar ta ba tare da kowa ya auna gudunsu ba. Mahaifiyarta, wadda muryarta ta yi ta yin nisa a waya shekara bayan shekara har ta ɗauke. Bege, 'yarsu ɗaya, da ke karatu a wata jiha, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci. Da a ce akwai akwatin da za a kafa a falo ya riƙa faɗa wa mutum, wannan yana barin ki da gudu kaza, da ta saya ko nawa ne. Sai kuma ta ce a ranta, anya za ta iya duba gilashin?

Tazarar tana raguwa. Talatin. Sha tara. Sha ɗaya. A jeri na bakwai Kwaku ya daina girgiza kai.

"Ɗari takwas da ɗaya. Da biyu. Da ɗaya. Da ɗaya. Da uku. Ei, Malam Matiyu, kar ka sake taɓa shi! Bindigan nan ya zauna."

Tazarar biyu kacal a harbi goma. Matiyu ya yi dariyar da Lea ta daɗe ba ta ji ba, ya ce a sa alama a wurin kafin wani shaiɗan ya sa shi ya sake murɗawa. Kwaku ya ciro tsumma ya goge maiƙon da ya taru a kan notin don fenti ya kama. Yana gogewa sai ya tsaya.

Akwai alama a wurin tun da. Ɗigo ne ja, rabinsa a kan notin, rabinsa a jikin bindigar, kuma rabi da rabin sun haɗu cif, sun zama ɗigo guda.

Lea ta gane jan. Jan farcenta ne. Ranar da Matiyu ya ciyo kofi ya ɗauki kwalbar daga kan madubinta ba tare da izini ba, ya kawo nan ya ɗiga, wai don kada ya manta inda bindigar ta fi daɗi. Har faɗa suka yi, don ya bar murfin a buɗe ya bushe.

"Inda ka bar shi shekara uku, nan ya dawo," in ji Kwaku, yana murmushi, bai san abin da ya faɗa ba.

Ita ta sani. Littafin yana hannunta, ta ga kwanakin da idonta. A watan Mayu Matiyu ya fara murɗa notin nan. Harbinsa kuwa tun Maris ya watse. Wato lokacin da abin ya fara, bindigar lafiyarta ƙalau, tana zaune daidai kan jan ɗigonta. Shi ne ya bi ta da makulli yana neman laifin da babu, har ya saka mata shi da hannunsa. Murnar da ta cika mata ƙirji ɗazu ta zube gaba ɗaya, tsoro ya dawo mazauninsa, ya ma fi na da nauyi.

Matiyu ya daɗe yana kallon ɗigon. Shi ne ya rubuta kwanakin, ba ya buƙatar a buɗe masa shafi.

"A kafa takarda," ya ce.

Kwaku ya je ya kafa takarda mai baƙin da'ira a yadi talatin. Aka kwance bindigar daga maƙala aka ɗora ta a kan jakunkunan yashi. Matiyu ya zauna, ya kwantar da kunci, ya sa ido a madubi. Daga inda Lea take tana ganin bakin bututun yana ɗan zane a iska, ƙanƙanin zane, wanda in ba ka nema ba ba za ka gani ba. Ya harba biyar. Na'urar, wadda ba ta san kunya ba, ta faɗi nata: ɗari takwas da biyu, da ɗaya, da biyu, da biyu, da ɗaya.

Kwaku ya duba ta madubinsa, ya yi gyaran murya. Hudojin biyar sun warwatsu, tafin hannu ba zai rufe su ba.

"Wataƙila iska ne," in ji shi.

Su uku suka dubi jan ƙyallen. Yana rataye kamar an jiƙa shi.

"To, ko scope, madubin nan..."

"Sabo ne, Kwaku. Dalma na auna ta da kaina. Iska babu. Bindiga ka ji abin da na'urarka ta ce." Matiyu ya yi maganar a hankali, yana lissafawa da yatsun hagu. "Abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda. Saura abu ɗaya ban canja ba."

Ya tashi daga kujerar. Kwaku ya matso zai zauna, Matiyu ya tare shi.

"Kai gwani ne. In ka samu zan ce gwaninta ce, in koma gida in ci gaba da yaudarar kaina. Maman Bege, zo ki zauna."

"Ni? Baban Bege, ni da sau biyu na taɓa harbi a rayuwata?"

"Shi ya sa."

Ta zauna. Kujerar da ɗuminsa. Ya gyara mata kafaɗa, ya nuna mata inda za ta sa kunci, ya ce ta ja numfashi ta saki rabi, ta taɓa kunamar a hankali kamar mai taɓa idon jariri. Ya sa mata ƙwayar da kansa, sai a karo na biyu ta shiga ramin.

Cikin madubin wata duniya ce dabam, zagayayya, shiru, babu Matiyu babu Kwaku. Baƙin da'irar yana shawagi a cikin fari, gicciyen saiti yana kwance a kansa. A nan dabara ta zo mata, ta zo da sauƙi har ta ba ta tsoro. Ai ba sai ta samu ba. Ta ɗan karkata dama, ta ɗan karkata hagu, wa zai ce da gangan ne? Mace ce da ba ta iya harbi ba. Sai a ce gwajin bai nuna komai ba, a koma gida, ta dafa masa tuwo, ya ci gaba da zargin dalma har Kirsimeti. Za ta sami mijinta yadda yake na wasu 'yan watanni. Wallahi ta so hakan, ta so shi har cikin ƙashinta.

Sai ta tuna wata yarinya mai rigar ruwa ruwan ɗorawa da take gani kullum a tashar bas ta bakin layinsu, riƙe da hannun kakarta, tana ɗaga wa direba hannu tun kafin ya tsaya. Ba ta san sunanta ba. Ta tuna kuma saurayin motar mishan da alkawarinsa. Shi ga shi yau ya cika nasa, a gaban baƙo, ya ɗora mata bindiga a kafaɗa. Ita ce wata bakwai tana ɓoye masa abu a cikin kofin shayi.

Ta saki rabin numfashi ta taɓa kunamar. Tas. Ta sake. Hawaye ya cika mata ido a na huɗu, ta tsaya ta goge da bakin gyale, ta mayar da kunci ta ƙarasa. Kwaku bai kira lamba ko ɗaya ba.

"An dakata da harbi," in ji Matiyu da ƙarfi, yadda dokar filin ta ce, ko da yake babu wanda zai ji sai zalɓe. Ya buɗe bindigar ya kwantar da ita, ya nufi takardar da kansa.

Lea ta bi bayansa da kallo. Hannunsa na hagu yana lilo yadda hannun mai tafiya ke yi, na dama yana manne da jikinsa. Yadi talatin ba nisa ba ne, amma hazon ya riƙa shanye shi kaɗan-kaɗan, rigarsa ta dushe, ya zama inuwa mai dogon wuya. Akwatin ruwan lemo yana gefenta yana kallon inda take kallo, gilashinsa babu komai. Ya tsaya a gaban takardar ya daɗe. Har ta fara tashi za ta bi shi, sai ta ga inuwar ta juyo tana ƙara girma.

Ya ajiye takardar a kan teburi. Nasa biyar suna warwatse a gefe-gefe. Nata biyar suna cure a ƙasan baƙin kaɗan, murfin kwalba zai rufe su. Kwaku ya tuna wai ya bar wani abu a mota, ya tafi nemansa da sauri.

Matiyu ya zauna a bencin kusa da ita. Ya jawo littafin, ya karɓi biron, ya rubuta a ƙasan lambobinta da 'yan ƙananan baƙaƙensa: Bindiga lafiya. Ya ajiye biron.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun Maris."

"Ni tun Fabrairu," ya ce. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ko'ina ba. "Ina jin tsoro, Lea."

Rabon da ya kira ta da sunanta tun kafin a haifi Bege. Sai ta yi abin da hannunta ya saba, ta buɗe filas ta zuba masa shayi. Ta tsaya a rabi.

Ya dubi kofin, ya dube ta.

"Kina tsammani ban lura ba? Wata bakwai ina shan rabin shayi kamar ɗan haya. Cika shi."

Ta cika shi har baki. Ya sa hannun dama ya ɗauka. Shayin ya kama rawa, ya haura bakin kofin, ya bi yatsunsa, ya ɗiga a kan littafin ya jiƙa lambobin. Wannan karon ba wanda ya kau da kai, su biyun suka zuba wa hannun ido har kofin ya isa bakinsa. Ya kurɓa, ya ajiye.

"Ran Litinin ba zan fita da bas ba," ya ce. "Zan kira wurin aiki yau in faɗa musu. Ke kin san likitocin nan, ki zaɓa mana wanda ba ya kewaye-kewaye."

Ya laluba aljihu ya ciro makullin mota ya sa mata a tafin hannu. Ta haɗa da makullin da yatsunsa masu danshin shayi ta riƙe, tana jin rawar tana shiga nata hannun, ba ta saki ba.